Yadda Ake Kiwon Hawainiya a Gida a Ƙasar Kabi

A ƙarshen damina, lokacin da gero ya fara nuna, yaran unguwarmu a Argungu sukan shigo gida da hawainiya a kan karan dawa, ta yi baƙi ƙirin don tsoro, ta wage baki tana huci. Yawancin waɗanda aka kamo haka ba sa daɗewa a hannun mutane, kuma ba yunwa ce ke fara kashe su ba. Ƙishirwa ce, da zafi, da yawan jagwalgwalo. Duk wanda ya yi niyyar kiwon wannan halitta a Kabi, to ya san cewa da waɗannan abubuwa uku zai yi ta fama, musamman daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40 kuma iska ta bushe ƙayau.

Kafin a je ga keji da abinci, akwai maganar da za ka sha ji a gida, gara ka shirya amsarta. Ranar da na fara ajiye hawainiya, wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta leƙo ta ce mini, "Ɗan nan, fitar da abin nan, cizonta ba ya magani." Na ce, "Inna, ki yi haƙuri ki zo ki gani." Gaskiyar magana ita ce hawainiya ba ta da dafi, a baki ko a yawu. Idan an takura ta tana iya cizo, babbar kuma cizonta na da ɗan zafi, amma ruwa da sabulu sun ishe shi. Abin da ya cancanci kiyayewa shi ne kashinta, domin kamar sauran ƙadangaru tana iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi. Saboda haka a wanke hannu duk lokacin da aka taɓa ta ko aka share kejinta, kuma kada a ajiye kejin kusa da madafa.

Zaɓen iri

Hawainiya ta haura iri 200 a duniya, kuma kusan rabinsu a tsibirin Madagaska suke. Waɗanda masu kiwo a Turai da Amurka suka fi ajiyewa su ne mai doguwar hula, wadda asalinta Yaman da kudancin Saudiyya ne, da mai launuka masu ƙyalli ta Madagaska, da mai ƙaho uku ta tsaunukan Kenya da Tanzaniya. Wannan ta ƙarshen kada ma ka yi sha'awarta, domin 'yar ƙasar sanyi ce, bazararmu ɗaya za ta gama da ita. Shawarata ga mai farawa ita ce ya tsaya ga ta gida. A dazukanmu ana samun wadda masana ke kira Chamaeleo africanus, mai ɗan tudun hula a ka, wadda ta fi sabawa da busasshiyar ƙasa, da kuma Chamaeleo senegalensis, wadda kanta ya fi shafewa kuma tsawonta har wutsiya yakan kai santimita 20 zuwa 30. Su ne suka san hunturunmu da bazararmu, abincinsu kuma yana bayan gida.

Akwai doka a cikin lamarin. Hawainiyoyin nan suna cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES, wadda ke tsara cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, kuma Nijeriya na da dokarta ta kare halittun da ke fuskantar barazana tun 1985. Fitar da hawainiya waje ko shigo da ita ba tare da takardar izini ba laifi ne. Ni kuma, ko ba don doka ba, ba na goyon bayan sayen ta daga hannun masu kamowa don kasuwar magani, domin kowace naira da ka bayar kira ce a kamo wasu. Wadda ka ceto daga hannun yara, ko wadda aka haifa a gidan wani mai kiwo, ita ce ta dace. Kada ka ɗauki fiye da ɗaya a farko.

Mai lafiya ana gane ta da idanu cikakku masu juyawa kowanne da kansa, da riƙo mai ƙarfi, da ƙafafu miƙaƙƙu, da baki mai rufuwa daidai. Wadda ke barci da rana tsaka ba ta da lafiya, ko da launinta ya yi kyau. Idan za ka sauke ta daga reshe, kada ka fizge ta, don farcenta na iya cirewa ko gaɓarta ta goce. Ka tara mata hannu ko kara a gabanta, ka ɗan taɓa ta daga baya, ta tako da kanta.

Keji da wurin ajiye shi

A haɗa keji kafin hawainiya ta iso. Tsayi ya fi faɗi muhimmanci, domin rayuwarta a sama take. Ga babba guda ɗaya, ka sa kafinta ya yi maka firam na katako mai faɗin santimita 60, zurfin 60, tsayin 120, a rufe shi da ragar taga ta kowane gefe har sama. Idan wuri ya ƙure, kada ya gaza 45 da 45 da 90. Akwatin gilashi irin na kifi bai dace ba sam: yana tara zafi, iska ba ta ratsa shi, kuma hawainiya na ganin inuwarta a jikinsa ta ɗauka abokiyar gaba ce, ta wuni cikin fushi. Ka duba kada kafinta ya bar bakin waya a tsaye daga ciki. A ɗora kejin a kan teburi yadda reshen da ya fi tsawo zai wuce kan mutum, domin hawainiyar da ake kallo daga sama ji take shaho ne ya zo. A saka ƙafafun teburin cikin gwangwanaye masu ruwa saboda cinnaka da tururuwa, kuma ƙofar ta zama mai sakata, don kyanwa da ɓera da hannun yara.

Ciki kuwa, a cika shi da ganye har sai ka ɗan sha wahala kafin ka gano inda take. Shuka mai rai a tukunya ta fi reshen da aka yanko. Ƙaramar ceɗiya, da gwaiba, da zoɓo ko rama duk sun yi. Bahaushe da ya ce hawainiyarka ta kiyayi ramata ya san inda take son zama. A guji tumfafiya da aguwa da tinya da bini-da-zugu, domin ƙaiƙayi da gubar ruwansu na iya lalata mata ido. A gicciya busassun rassa masu kaurin yatsa a matakai daban-daban, waɗanda tafin ƙafarta zai iya zagayewa. Ƙasan kejin a bar shi fili, ko a shimfiɗa takarda da za a riƙa canjawa.

Inda za a ajiye kejin shi ne rabin aikin. Mu a nan Allah ya ba mu abin da masu kiwo a Ingila ke saya da tsada, wato rana. Fatar hawainiya na buƙatar hasken UVB da ke cikin rana don jikinta ya samar da bitamin D3, wanda idan babu shi ƙashinta ba zai amfana da sinadarin kalsiyam ba. Gilashin taga yana tare wannan haske, don haka ajiye keji a bayan taga a rufe aikin banza ne. Wurin da ya fi shi ne gabashin gida, ƙarƙashin mangwaro ko dogon yaro, inda hantsi zai bugi gefe ɗaya na kejin na awa ɗaya zuwa biyu, sannan inuwa ta rufe shi kafin ƙarfe 10. Ko a lokacin shan hantsin ma, dole rabin kejin ya kasance cikin inuwa, ta yadda ita za ta zaɓi inda take so. Wanda ba shi da tsakar gida, ya zama tilas ya ajiye a ɗaki, sai ya nemi dogon ƙwan fitila na UVB da ake yi don dabbobi masu rarrafe, ya riƙa canja shi kamar yadda kamfanin ya rubuta, domin ƙarfinsa na ƙarewa tun ƙwan yana ci.

Ka sayi ma'aunin zafi ka rataya a tsakiyar ganye. Abin da ake so da rana shi ne tsakanin digiri 25 da 30, wurin shan hantsi ya ɗan haura haka. Idan ya doshi 35, an shiga haɗari. Alamar ita ce ta yi fari fat, ta wage baki, ta sauko ƙasa tana neman mafaka. A bazara, jiƙa buhun algarara ka rataya a gefen da iska ke shigowa, ka riƙa yayyafa masa ruwa, ko ka mayar da kejin zaure mai rufin ƙasa daga hantsi zuwa la'asar. Kada a taɓa barin sa ƙarƙashin rufin kwano. Sanyin dare na hunturu ba ya cutar da ta gida matuƙar tana samun hantsi, sai dai a tare mata iska da ƙura da tabarma daga gefen arewa maso gabas.

Ruwa

A nan ne yawancin masu farawa ke yin asara. Hawainiya ba ta san ruwan kwano ba. Za ta iya mutuwa da ƙishirwa kwanon na gabanta a cike. A daji raɓa take lasa da ɗigon ruwan sama a kan ganye, don haka abin da za ka kwaikwaya ke nan. Ka sayi sabuwar robar feshi ta hannu, wadda ba a taɓa zuba mata maganin ƙwari ko na ciyawa ba, ka fesa wa ganyen ruwa mai tsabta da sassafe da kuma gab da magariba, minti biyu zuwa uku kowane karo. Kada ka gaji da wuri, domin sau da yawa sai ganye ya jiƙe sharkaf tana kallo kafin ta fara motsa baki. A kan ganye za ka fesa, kada ka auna fuskarta.

Feshi kaɗai ba ya isa a rani. Ka sami gorar ruwa ka huda gindinta da allura, ko ka sayi sabuwar igiyar ƙarin ruwa a kemis, wadda ke da ɗan abin daidaita ɗigo, ka ɗora a saman keji yadda ɗigo ɗaya zai riƙa faɗowa kan ganye duk bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu, na kamar rabin awa. A tara kwano a ƙasa, a rufe bakinsa da raga, a zubar kullum. Ina son kallon wannan lokaci: za ka ga ido ɗaya ya tsaya kan ɗigon, ɗayan yana kanka, sannan ta matso da tafiyar nan tata ta gaba-da-baya, ta ɗaga kai, ta bar ruwan ya gangaro mata cikin baki.

Hanyar sanin ko tana sha ita ce duba kashinta. Kowane kashi yana zuwa da wani ɓangare mai kama da alli. Idan fari ne tas, ruwa ya wadata. Idan ya koma rawaya ko ruwan lemo, ƙishirwa ta fara, sai a ƙara feshi da ɗigo tun idanu ba su faɗa ba.

Abinci

Ƙwari masu rai take ci, masu motsi, tana harbo su da harshen da kan kai tsawon jikinta har ya wuce. Fara da gyare su ne ginshiƙi. Shinge a farkon damina, da ƙananan kyankyasai da aka kiwata, da tsutsar baƙin ƙuda da wasu masu kiwon kifi da kaji ke yi, duk suna ƙara mata amfani. Girman ƙwaro kada ya wuce faɗin da ke tsakanin idanunta. Babba takan ƙoshi da ƙwari huɗu zuwa shida, kwana ɗaya a ba ta, kwana ɗaya a tsallake. Mai tasowa kuwa kullum, gwargwadon abin da za ta ci da safe. A cire wanda ya rage kafin dare, domin gyare na gutsurar hawainiya tana barci.

Inda aka kamo ƙwaron ya fi komai. Ƙasarmu ƙasar shinkafa ce, kuma fadamun da ke bakin gulbi ba sa rabuwa da feshi. Na taɓa rasa lafiyayyar mace saboda farar da na kamo a bakin wata gonar shinkafa ban tambaya ba. Washegari na same ta a ƙasa tana karkarwa, harshe a waje, kafin azahar ta mutu, daga baya na ji an yi feshi kwana biyu kafin nan. Tun daga ranar ba na kamo fara sai a saurar da na san ba a noma ta. A guji kuma farar tumfafiya mai zane-zane, da hangara, da ƙwaron nan mai walƙiya da dare, domin dukkansu suna da guba a jikinsu.

Mafita mai ɗorewa ita ce ka kiwata gyare da kanka, tun da a rani ƙwari na ɓacewa. Babban bokitin roba mai murfin raga, da kwalayen ƙwai don maɓuya, da ƙaramin kwano na jiƙaƙƙen yashi inda za su yi ƙwai, sun isa. Ka ciyar da su dusa da ganyen zogale da karas da kabewa, domin abin da ke cikin gyare shi ne ke shiga jikin hawainiya. Sannan kalsiyam: tafasa ɓawon ƙwai, shanya shi, daka shi ya yi laushi kamar hoda, ka zuba ɗan kaɗan a leda tare da ƙwarin ka girgiza kafin ka ba ta, sau biyu ko uku a mako. Rashin wannan da rashin rana ne ke kawo ciwon laushin ƙashi, inda ƙafafu ke lanƙwashewa, muƙamuƙi ya yi taushi, ta riƙa faɗowa daga reshe. Abin da ya lanƙwashe ba ya komawa daidai.

Sanin halinta da lafiyarta

Mutane na cewa hawainiya na rikiɗa ne ta dace da duk abin da ta taka. Abin da ya fi sa ta sauya launi shi ne zafi da haske da halin da take ciki. A 2015 masu bincike a Jami'ar Janiba ta Suwizalan suka nuna cewa akwai ƙananan lu'ulu'u a cikin ƙwayoyin fatarta waɗanda matsewarsu ko warwatsuwarsu ke canja launin da ido ke gani. Ga mai kiwo, launin shi ne harshen da take magana da shi. Duhu da sassafe na neman ɗumin rana ne. Kore mai haske natsuwa ce. Baƙi da ɗige-ɗige da kumbura jiki tsoro ne ko fushi. Wadda ta wuni da duhu kullum akwai abin da ke damun ta, sau da yawa kuma yawan kallo da taɓawa ne. Dabbar kallo ce daga nesa, ba ta son a riƙa ɗauka, kuma ba ta son 'yar'uwarta. Biyu a keji ɗaya, ko kejin da ke kallon juna, ƙarshensa ɗaya ta daina ci.

Lokacin saɓa, fatar kan yi fari ta tsage. A ƙara feshi, kada a ɓare mata da hannu, sai dai a duba yatsu da ƙarshen wutsiya kada tsohuwar fata ta shaƙe su. Wadda aka kamo daga daji takan zo da tsutsar ciki, don haka yana da kyau a kai ɗanyen kashinta asibitin dabbobi a duba. Wanda ke kusa da Sakkwato yana iya zuwa asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Kada ka ba ta maganin tsutsa na awaki da ka, musamman ibamektin, wanda aka san yana iya yi wa hawainiya illa. Kumfa ko wani abu mai kama da cuku a baki, numfashi da ƙara, da kumburin ido, duk na likita ne. Idan kuwa sabuwar kamu ta yi mako guda ta ƙi ci duk da ka gyara ruwa da inuwa, ka mayar da ita bishiyar da aka same ta tun tana da ƙarfin riƙe reshe.

Haihuwa

Kada ka shiga wannan sai ka riƙe guda ɗaya ta ratsa hunturu da bazara lafiya. Namiji ana gane shi da kaurin gindin wutsiya, a irin mai tudun hula kuma yana da ɗan tsiro a dunduniyar ƙafar baya. Su kasance iri ɗaya, manya, masu ƙoshi. Macen ake ɗauka a kai ta kejin namiji, kana tsaye. Idan ta natsu da launinta mai haske, ta karɓa. Idan ta yi baƙi, ta wage baki tana rangaji, ɗauke ta nan take a sake gwadawa bayan mako. Da an gama barbara a raba su.

Bayan wata ɗaya ko fiye kaɗan cikinta zai cika, ta rage ci, ta fara sauka ƙasa tana zagaye. Tun kafin nan ka ajiye mata bokiti mai zurfin santimita 30, cike da yashi gauraye da ƙasa, mai danshin da idan ka haƙa rami da yatsa ba zai rufta ba, da reshe da ya sauka cikinsa. Wannan bokiti wajibi ne ga kowace balagaggar mace ko ba ta taɓa ganin namiji ba, domin takan yi ƙwai marasa ɗa, kuma idan ta rasa wurin haƙa sai ƙwan ya maƙale ya kashe ta. Da ta fara haƙa, rufe kejin da zane ka yi nisa. Idan ta gan ka za ta bar ramin. Bayan ta binne ta hau sama a rame, a ba ta ruwa sosai da ƙwari masu hodar ɓawon ƙwai.

Ƙwan kan kai gommai, farare masu taushin ɓawo. Tona a hankali da cokali, ka ɗauki kowanne yadda ka same shi ba tare da juya shi ba, ka jera su a robar abinci mai murfi, rabinsu a binne cikin yashi mai ɗan danshi, da 'yan huji biyu a murfin. Suna son wuri mai duhu da zafin da bai wuce digiri 25 zuwa 28 ba, kuma jiran na watanni ne, sau da yawa rabin shekara ko fiye, wanda ke nufin sai sun ratsa bazara. Dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa don adana kayan miya har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000, tana da amfani a nan, muddin ma'aunin zafi na ciki kana dubawa. Duk mako ka buɗe, ka cire wanda ya yi fumfuna ya motse, ka ɗiga ruwa a gefen yashin idan ya bushe, ba a kan ƙwan ba.

'Ya'yan na fitowa ba su kai ɗan yatsa ba, kuma bayan kwana ɗaya ko biyu suke fara farauta. Abincinsu ƙananan ƙudajen nan ne da ke taruwa kan ruɓaɓɓen mangwaro ko ayaba, da sabbin ƙyanƙyasar gyare, don haka a tanade su tun ƙwan bai fashe ba. Feshinsu ya zama mai laushi kamar hazo, sau uku a rana, domin babban ɗigo na iya shaƙe su. A raba su ƙananan rukuni, sannan ɗaya-ɗaya kafin su cika wata uku. Ba mai iya ciyar da talatin a gida ɗaya, saboda haka ka san inda za su tun kafin barbara. 'Ya'yan baƙuwar hawainiya ba a sakin su ko kusa. Ta irin wannan sakin ne mai ƙaho uku ta bazu a Hawai, ta Yaman kuma ta kafu a Fulorida. Na ta gida kuwa, waɗanda uwarsu daga dajin nan ta fito, ka riƙe biyu ko uku, sauran ka kai su inda aka samo uwar bayan ruwa ya zauna a Yuli, da yamma, nesa da gonar da ake feshi, ka ɗora kowanne a kan nasa kurmin da tazarar taku goma ko fiye.